Manomin Iowa da ya tsufa a Majalisar Dattawan Amurka: abin da Chuck Grassley ya ci wa manoma da abin da ya gagare shi

A farkon shekarar 2014 wani ɗan majalisar wakilan Amurka mai suna Bruce Braley, lauya kuma ɗan jam'iyyar Democrat, ya je jihar Texas neman gudummawar kuɗin kamfe a wajen 'yan'uwansa lauyoyi. Kujerar sanata yake nema a jihar Iowa. Cikin jawabinsa sai ya ja kunnensu cewa idan suka yi sake 'yan Republican suka karɓe Majalisar Dattawa, to wanda zai shugabanci kwamitin shari'a wani manomi ne daga Iowa da bai taɓa zama a ajin koyon aikin lauya ba. Ashe akwai mai ɗaukar bidiyo a wurin. Da faifan ya fito Braley ya nemi gafara, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A jihar da masara da waken suya da kiwon aladu ke riƙe da tukunyar kowa, ba a raina manomi a kwana lafiya. A watan Nuwamba ya sha kaye a hannun Joni Ernst, matar da ta yi suna da wata tallar siyasa inda take alfaharin cewa a gona ta tashi tana fiɗiye aladu. Da Janairun 2015 ya kama, manomin nan da aka yi wa gori, Chuck Grassley, ya hau kujerar shugaban kwamitin shari'a, shi ne mutum na farko da ba lauya ba da ya taɓa riƙe ta.

Sunan "manomi" ya yi wa Grassley aikin da biliyoyin daloli ba za su yi masa ba. Amma duk wanda ya tsaya a kan sunan kawai ba zai gane yadda mutum ɗaya ya riƙe kujerar sanata tun 1981 ba, ba kuma zai lura da wani abu mai ɗaure kai a tarihinsa ba: yaƙe-yaƙen da ya ci saboda noma su ne waɗanda manyan masu kuɗi ke bayansa, waɗanda ya yi don ƙaramin manomi shi kaɗai kuwa, galibinsu ƙasa ya sha.

An haife shi ranar 17 ga Satumban 1933 a New Hartford, wani ɗan ƙauye a gundumar Butler da mutanensa ba su kai dubu ba. Lokacin Amurka na tsakiyar babban karayar tattalin arziki, kuma ƙasar na da gonaki kusan miliyan 6.8. A gona ya tashi, har yau kuma iyalinsa na noma masara da waken suya a wannan yanki, ɗansa ne ke kula da aikin yau da kullum. Wannan ɓangaren gaskiya ne, ba ƙirƙirar masu tallar siyasa ba ce. Sai dai akwai sauran labarin. Ya yi digiri na farko a 1955, na biyu a 1956, dukansu a fannin kimiyyar siyasa, a kwalejin horar da malamai da ke Cedar Falls, har ya fara digirin digirgir bai ƙarasa ba. Gonar ba ta iya ciyar da gida ita kaɗai, don haka ya yi shekara kusan 10 yana aikin ƙarfe a masana'anta, da katin ƙungiyar ƙwadago a aljihu. A 1958 aka zaɓe shi majalisar dokokin jiha yana ɗan shekara 25. Tun daga Janairun 1959 bai sake kwana ɗaya ba tare da muƙamin zaɓe ba. Wato dai mutumin da ake kira manomi ya fi yawancin lauyoyin da ke Washington daɗewa a sana'ar siyasa, kuma ya karance ta a makaranta kafin ya shige ta.

Shigarsa siyasar tarayya ma a lokacin da ba a zata ba ne. Zaɓen 1974 ya zo watanni kaɗan bayan abin kunyar Watergate ya kori Richard Nixon daga mulki, 'yan Republican suna ta zubewa a ko'ina, shi kuwa ya lallaɓa ya ci kujerar majalisar wakilai. Wanda ya gada, H. R. Gross, ya yi suna wajen ƙwaƙule kasafin kuɗi da hana kashe kuɗin gwamnati ba gaira ba dalili, kuma Grassley ya ɗauki wannan rigar ya saka. Bayan shekara 6, guguwar Ronald Reagan ta 1980 ta taimaka masa ya kayar da Sanata John Culver da kusan kashi 53 cikin ɗari. Daga nan ya sake cin zaɓe a 1986, 1992, 1998, 2004, 2010, 2016 da 2022.

Ta yaya ake yin haka? Amsar farko tana kan hanya. Iowa na da gundumomi 99, kuma tun shekararsa ta farko a Majalisar Dattawa Grassley ya ɗora wa kansa zuwa kowace ɗaya aƙalla sau ɗaya a shekara. Tsarin taron ba shi da wani ado. Zai shiga ɗakin karatu na gari, ko ajin 'yan sakandare, ko kantin cin abincin ma'aikatan wata masana'anta, ya tsaya a gaba ya ce wa mutane su ne masu ajanda, su yi tambaya. Wani zai tashi ya yi ƙorafin farashin taki, wata ta kawo maganar kuɗin magani, wani tsohon soja ya ce takardunsa sun maƙale a ofis, ma'aikacin sanatan na gefe yana rubuta suna. Bayan kamar awa ɗaya a shiga mota a nufi gunduma ta gaba. Abin ya zama al'ada har 'yan takarar shugaban ƙasa da ke zuwa Iowa neman ƙuri'ar fid da gwani suna kwaikwayonsa, suna kiran zagayen da sunansa. Masu sukarsa na cewa da yawa daga cikin tarukan nan a harabar kamfanoni ake yin su inda ba kowa ke iya shiga ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Duk da haka, a jihar da mutanenta ba su wuce miliyan 3.2 ba, shekara arba'in da ɗoriya na irin wannan yawo na nufin da wuya ka sami gidan da ba wanda ya taɓa gaisawa da shi hannu da hannu.

Ya haɗa wannan da wata ɗabi'a ta rashin fashi. Daga watan Yulin 1993, lokacin da ya tafi duba ambaliyar da ta cinye Iowa, har zuwa Nuwamban 2020 da cutar korona ta kwantar da shi, bai rasa jefa ƙuri'a ko sau ɗaya a zauren majalisa ba: ƙuri'a 8,927 a jere cikin shekara 27. A shafukansa na sada zumunta kuma, duk damina zai riƙa saka hoton masarar gonarsu mako-mako, tun tana tsiro har ta fi shi tsayi, har ta bushe a shiga da injin girbi. Wani zai ce wasan yara ne. Ba wasa ba ne, tunatarwa ce ga mai zaɓe cewa mutumin nan bai zama ɗan Washington ba.

Amsa ta biyu tana cikin ginin majalisar kanta. Kowace jiha a Amurka sanata biyu gare ta, ko babba ko ƙarama. California mai mutum kusan miliyan 39 da Iowa mai miliyan uku da 'yan kai, nauyinsu ɗaya a zauren. Wannan ne ya sa manoma, waɗanda ba su kai kashi 2 cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, suke da murya a Majalisar Dattawa da ta ninka yawansu sau da yawa. Sannan akwai tsarin fifita wanda ya daɗe. Shugabancin kwamiti kamar layin injin niƙa yake, wanda ya riga ajiye kwanonsa shi ake fara niƙa wa. Duk wa'adin da sanata ya ƙara, kujerarsa na ƙara matsawa kusa da ta shugaba, kuma mutanen jiharsa sun san idan suka canza shi da sabon jini, sabon zai koma can ƙarshen layi. Daɗewa na jawo iko, iko kuma na jawo ƙarin daɗewa. Ta haka Grassley ya shugabanci kwamitin kuɗi, wanda ke riƙe da haraji da cinikin ƙasa da ƙasa da inshorar lafiyar tsofaffi, a 2001, da 2003 zuwa 2007, da 2019 zuwa 2021. Ya riƙe na shari'a daga 2015 zuwa 2019, ya sake komawa a 2025. Jam'iyyarsa ta ƙayyade shekara 6 ga shugaban kowane kwamiti, shi ya sa yake tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Nan ne mai karatu a Najeriya zai ga bambanci, tunda daga Amurka aka aro tsarin mulkin shugaban ƙasa a 1979. A Abuja ma ana maganar fifita tsofaffin 'yan majalisa, amma kowane zaɓe fiye da rabinsu ba sa dawowa, da yawansu kuma tun a zaɓen fid da gwani ake yin waje da su, inda ra'ayin gwamna ya fi na talaka nauyi. Irin su Ahmad Lawan da ke majalisa tun 1999 'yan ƙalilan ne. A Iowa babu gwamnan da zai iya hana Grassley tikiti, domin 'yan jam'iyya ne ke fita su jefa ƙuri'a kai tsaye.

Jarrabawarsa ta farko a matsayin wakilin manoma ta zo da wuri. A shekarun 1970 farashin hatsi ya tashi, Tarayyar Sobiyet na saye da yawa, gwamnati na zuga manoma su faɗaɗa, bankuna na ba da bashi da gona a matsayin jingina. Sai komai ya juye. A Janairun 1980 Shugaba Jimmy Carter ya hana sayar wa Sobiyet hatsi saboda mamayar Afghanistan. Babban bankin ƙasa ya ɗaga kuɗin ruwa don kashe hauhawar farashi har ya haura kashi 20 cikin ɗari. Dala ta yi tsada, masu saye daga waje suka ja baya. Tsakanin 1981 da 1986 darajar ƙasar noma a Iowa ta faɗi da kusan kashi 63 cikin ɗari. Manomin da ya ci bashi a kan gonar da ta kai dala dubu biyu kowace eka ya wayi gari ba ta kai dubu ɗaya ba, bashin kuwa yana nan yadda yake, yana ma haihuwa. Aka shiga gwanjon taraktoci da shanu a ƙofar gidajen mutane, ƙananan bankunan karkara suka riƙa rufewa. A Disamban 1985 wani manomi da bashi ya yi wa katutu ya kashe matarsa, ya shiga banki a garin Hills ya harbe shugaban bankin, ya koma ya kashe maƙwabcinsa, sannan ya kashe kansa.

Abin da Grassley ya fito da shi a 1986 shi ne wani sabon babi, na 12, a dokar karayar arziki, wanda aka keɓe wa manoman iyali. Ma'anarsa a sauƙaƙe: maimakon banki ya ƙwace gonar ya yi gwanjonta, kotu za ta iya rage bashin da ke kan jingina ya dawo daidai da abin da gonar ta kai a yau, a tsara wa manomin yadda zai biya cikin shekara 3 zuwa 5, yana ci gaba da nomansa. Da farko dokar ta wucin gadi ce, aka yi ta sabunta ta har 2005 da ta zama ta dindindin, a 2019 kuma aka ɗaga iyakar bashin da za ta iya rufewa zuwa dala miliyan 10. A ganina wannan ne aiki mafi tsabta da ya yi wa ƙaramin manomi a duk rayuwarsa ta siyasa. Amma a lura da lokacin: gobara ce ta tashi, bankunan kansu sun gane cewa gwanjon gonaki dubbai a lokaci guda zai ƙara karya farashin abin da suke riƙe da shi.

A waɗannan shekarun ne kuma ya yi sunan da ya fi na noma tasiri a wajen Iowa. Sabon sanata ɗan jam'iyyar shugaban ƙasa, sai ga shi ya tasa ma'aikatar tsaro ta Pentagon a gaba, a daidai lokacin da Reagan ke zuba mata kuɗi. Ya matsa har aka bar wani ma'aikacinta mai suna Franklin Spinney ya yi wa majalisa bayani a 1983 kan yadda ake ɓoye ainihin tsadar makamai. Labaran da suka riƙa fitowa a lokacin har yau ana ba da su: mazaunin masai na jirgin soja a kan dala 640, tukunyar dafa kofi a kan dala 7,600. A 1985 yana cikin jagororin da suka taka wa ƙarin kasafin tsaro birki. A 1986, shi da ɗan majalisar wakilai Howard Berman na Democrat suka farfaɗo da wata tsohuwar doka ta 1863, ta zamanin Abraham Lincoln, wadda aka yi don maganin 'yan kwangilar da ke sayar wa sojoji ruɓaɓɓen kaya. Gyaran ya ba duk wanda ya san ana damfarar gwamnati damar shigar da ƙara a madadinta, idan aka ci shari'a a ba shi kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Akawun asibiti ko injiniyan kamfanin makamai da ya ga ana aringizon kuɗi yanzu yana da dalilin buɗe baki, yana kuma da kariya. Daga 1986 zuwa yau an dawo wa baitulmalin Amurka fiye da dala biliyan 70 ta wannan hanya, mafi yawa daga harkar lafiya.

To, mu koma gona. Manyan nasarorinsa biyu a nan su ne iska da itanol. A 1992 ya shigar da rangwamen haraji ga masu samar da lantarki daga iska, yau fiye da rabin wutar da Iowa ke samarwa daga manyan fankokin nan da ke tsaye a tsakiyar gonakin masara take fitowa, mai gona kuma na karɓar kuɗin haya duk shekara a kan kowace ɗaya. Itanol kuwa, wato man da ake tatsa daga masara a gauraya da fetur, shi ne ainihin jijiyar siyasar jihar. Wata dokar makamashi ta 2005, wadda aka faɗaɗa a 2007, ta tilasta wa matatun mai zuba biliyoyin galan na irin wannan mai a cikin fetur ɗin da suke sayarwa, na masara kaɗai har galan biliyan 15 a shekara. Gwamnati ta ƙirƙiro wa masara kasuwar da ba ta isa ta ƙi saye ba ke nan. Yanzu fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar Amurka tankin mota take tafiya, a Iowa ma fiye da rabi. Duk lokacin da aka taɓa wannan doka Grassley ba ya sanin ɗan jam'iyya. A 2018, da shugaban hukumar kare muhalli na gwamnatin Trump, Scott Pruitt, ya riƙa yafe wa matatun mai wannan wajibi, Grassley ya fito fili ya ce zai nemi ya sauka.

Itanol ya ɗaga farashin masara, wannan ba gardama. Amma ya ɗaga farashin ƙasa da kuɗin hayarta, kuma wanda ya fi cin moriyar tsadar ƙasa shi ne mai ita da yawa. Saurayin da ke son fara noma ba tare da gado ba, ƙofa ta ƙara rufe masa. Ga kuma takin zamani da ake zubawa don masara bayan masara, wanda ke bin bututun da aka binne a ƙarƙashin gonaki ya gangara koguna, har hukumar ruwan sha ta birnin Des Moines ta kai ƙarar hukumomin magudanan ruwa na wasu gundumomi uku a 2015, kotu ta kori ƙarar a 2017. A wannan yaƙin na itanol, Grassley na tare da ƙungiyoyin masu noman masara, da kamfanonin iri da taki, da manyan masu sarrafa hatsi. Abokin gabarsu kamfanonin mai ne. Giwa ce ta kara da giwa, tasa ta yi nasara.

Sai yaƙin da ya fi kowane daɗewa a bakinsa, wanda kuma har yau bai ci ba. Gwamnatin Amurka na biyan manoman wasu amfanin gona tallafi idan farashi ko kuɗin shiga ya faɗi, kuma ana lissafin ne da yawan eka da yawan amfani. Mai gona babba shi ke kwasar babban rabo. Grassley ya sha nanata cewa kashi 10 cikin ɗari na masu karɓa su ke tafiya da fiye da kashi 70 na kuɗin, kuma da wannan kuɗin suke saye gonakin ƙananan maƙwabtansu. Doka ta sa iyaka, dala 125,000 ga mutum ɗaya a shekara a ƙarƙashin dokokin noma na 2014 da 2018, amma ta bar wata kafa. Idan aka yi wa gona rajista a matsayin haɗin gwiwa, kowane abokin tarayya da aka ce yana da hannu a gudanarwa na da nasa kason. Hannu a gudanarwa kuwa na iya zama 'yan kiraye-kirayen waya daga wani birni mai nisa. Gona ɗaya sai ta tara "manajoji" goma, kowa da dala 125,000 tasa, alhali wasunsu ba su taɓa hawa tarakta ba.

Abin da ya nema ba wani abu ne mai wuya ba: a sa iyaka ta gaskiya, a kuma taƙaita manajan da ba ya aikin gona zuwa mutum ɗaya. A zagayen dokar 2014 wannan gyara ya wuce a Majalisar Dattawa, ya wuce a ta wakilai. Amma da aka shiga ɗan ƙaramin kwamitin da ke daidaita kwafin majalisun biyu a bayan ƙofa, sai aka zare masa haƙora. A 2018 abin ya ma fi muni, domin an faɗaɗa ma'anar iyali ta haɗa da 'ya'yan 'yan'uwa da 'ya'yan kawu da na goggo, kowa ya cancanci kaso. Duka dokokin biyu Grassley ya ƙi jefa musu ƙuri'a, manomi ɗan jihar noma yana ƙin dokar noma. Suka wuce ba tare da shi ba.

Dalilin faɗuwarsa a nan yana cikin yadda ake ƙulla dokar noman. Tun 1973 aka haɗe ta da tallafin abinci na talakawa, wanda yanzu shi ke cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin. 'Yan majalisar birane na ba da ƙuri'a saboda abincin, na karkara saboda tallafin gona, a cikin na karkarar kuma sai an gamsar da kowane yanki. Masu auduga da shinkafa da gyaɗa na kudancin ƙasar gonakinsu manya ne, kuɗin nomansu a kowace eka ya fi na masara, don haka iyakar Grassley su za ta fi ƙuntata wa, kuma wakilansu sun daɗe da kafa sansani a kwamitocin noma. Wannan rigimar ta cikin gida ta taɓa Afirka kai tsaye: tallafin audugar nan ne Chadi da Mali da Benin da Burkina Faso suka kai kuka a kansa a taron ƙungiyar ciniki ta duniya a Cancun a 2003, suna cewa yana karya farashin abin da manomansu ke rayuwa a kai. Ba don manomin Chadi Grassley ke faɗa ba, amma waɗanda suka kayar da shi su ne dai waɗanda suka toshe kunne ga wancan kukan.

Haka labarin yake a kasuwar shanu. Kamfanoni huɗu, Tyson da JBS da Cargill da National Beef, su ke yanka kusan kashi 85 cikin ɗari na shanun da aka turke a Amurka, kuma yawancin cinikin ta kwangila ake yi, ba a fili ba, har ƙaramin makiyayi ba ya sanin ainihin farashi. Grassley ya haɗa kai da Jon Tester, sanatan Democrat daga Montana wanda shi ma manomi ne na gaske, suka nemi a tilasta wa kamfanonin sayen wani kaso a kasuwar fili. Ƙudurin bai zama doka ba. Tester kuma ya faɗi zaɓe a 2024.

A nan masu adawa da shi kan tuna masa cewa gonar gidansu ma na karɓar tallafin, har da na musamman da gwamnatin Trump ta raba a 2018 da 2019 bayan Sin ta lafta wa waken suyan Amurka harajin kashi 25 cikin ɗari. Amsarsa ita ce shi manomi ne kamar kowa, abin da doka ta ba kowa shi yake karɓa, kuma a fili yake. Ban ga munafunci a nan ba, tunda iyakar da yake nema ba ta hana matsakaicin manomi karɓa. Abin da ya fi cancantar tambaya shi ne abin da ya faru a Yulin 2025. Babbar dokar haraji da kashe kuɗi ta Trump ta ɗaga iyakar tallafin zuwa dala 155,000, ta kuma fara janye rangwamen harajin iska da Grassley ke alfahari da shi. Dokar ta wuce Majalisar Dattawa da ƙyar, 50 da 50, sai da mataimakin shugaban ƙasa ya raba gardama. Ƙuri'a ɗaya ta isa ta tsayar da ita. Grassley ya jefa tasa a goyon baya.

Wannan ya kawo mu ga sauyin da ya fi komai girma a tafiyarsa. A 1991 shi da Mark Hatfield ne kaɗai sanatocin Republican da suka ƙi amincewa da yaƙin Tekun Fasha. Shekara 30 yana wakiltar Iowa kafaɗa da kafaɗa da Tom Harkin, ɗan Democrat mai ra'ayin gaba-dai, mutanen jihar na zaɓen su biyun ba tare da jin wani saɓani ba. A 1992 da 2004 Grassley ya samu kusan kashi 70 cikin ɗari, abin da ba ya yiwuwa sai da ƙuri'un 'yan ɗaya jam'iyyar. Amma da alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia ya rasu a Fabrairun 2016, Shugaba Obama ya gabatar da Merrick Garland, Grassley a matsayin shugaban kwamitin shari'a ya ƙi ko da zaman sauraronsa, bisa hujjar cewa shekarar zaɓe ce, a bar wa sabon shugaba. Kujerar ta zauna babu kowa har Trump ya zo ya cike ta da Neil Gorsuch. Shi ne kuma ya jagoranci zaman tantance Brett Kavanaugh mai cike da hayaniya a 2018. Da Ruth Bader Ginsburg ta rasu ana saura makonni zaɓen 2020, ba shi ke shugabancin kwamitin ba, amma ya jefa wa Amy Coney Barrett ƙuri'a, hujjar shekarar zaɓe ta bi iska. Waɗannan alƙalan uku na cikin waɗanda suka soke hukuncin da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar a 2022. Ko mutum na murna da hakan ko yana baƙin ciki, sawun da Grassley ya bari a kotu ya fi wanda ya bari a gona zurfi.

Ya biya farashi. A 2016 ƙuri'arsa ta sauko kashi 60, a 2022 ta koma 56 a karawarsa da Michael Franken, tsohon hafsan sojan ruwa, mafi ƙanƙantar rata tun 1980. Ba ya buƙatar 'yan Democrat kamar da, domin jihar da ta zaɓi Obama sau biyu ta zaɓi Trump sau uku. Da Trump ya mara masa baya a wani gangami a Des Moines a 2021, Grassley bai ɓoye lissafinsa ba, ya ce ba wayo ba ne ya ƙi goyon bayan mutumin da kusan dukkan 'yan Republican na Iowa ke so.

Noma na duƙe tsohon ciniki ne, amma a Iowa masu duƙawar sun ragu ƙwarai. Jihar da ke da gonaki fiye da 200,000 lokacin da aka haife shi, ƙidayar 2022 ta sami ƙasa da 90,000, a ƙasar baki ɗaya kuma miliyan 1.9 suka rage, matsakaicin shekarun manomi 58. Injina da tattalin arziki ne suka yi wannan aiki, ba sanata ɗaya ba, kuma babu sanatan da zai iya hana shi. Sai dai manufofin da suka hanzarta shi sun samu ƙuri'u, waɗanda za su rage masa gudu kuma ba su samu ba.

Tun 2023 shi ne ɗan Republican da ya fi kowa daɗewa a tarihin Majalisar Dattawa, bayan ya wuce Orrin Hatch. A Janairun 2025, yana da shekara 91, ya sake zama shugaban riƙo na majalisar, muƙamin da ke sa mutum na uku a jerin masu gadon shugaban ƙasa, bayan mataimaki da kakakin majalisar wakilai. Jikansa Pat Grassley ne kakakin majalisar dokokin Iowa tun 2020. A Afrilun 2025, da Trump ya sake buɗe yaƙin harajin kaya wanda masu waken suya suka san ɗacinsa, Grassley da Maria Cantwell ta Democrat suka gabatar da ƙudurin da zai sa duk sabon harajin da shugaban ƙasa ya ƙaƙaba ya mutu bayan kwana 60 idan majalisa ba ta amince ba. Fadar White House ta ce shugaban zai hau kujerar na-ƙi, shugabannin jam'iyyarsa a majalisa kuma ba su kawo ƙudurin zaure ba. Wa'adinsa na takwas zai ƙare a Janairun 2029, lokacin yana da shekara 95.